Tabarmi a Kan Sola

Laraba, da hantsi

Yau da safe ina share bakin famfuna, motar hatsi ta tsaya a ƙofar gidan ruwa. Direban da yaron motarshi sunka sauko da babur daga saman buhuna, sunka jingine shi ga katanga. Jan babur, madubin hagu ɗaure da roba. Na Oga Gyang ne. Akwatin kayan aiki na nan ɗaure a baya. Jarkar ruwan da na cika mishi shekaranjiya ita ma tana nan, ba a sha ko kurɓi ba. Direban ya ce a gefen hanyar Shinkafi ya gan shi kwance, ya gane shi don ya saba zuwa wurinmu cika tankin mota. Na ce, mai shi fa? Ya dubi tayar motarshi, ya ce rana na yi mishi, ya ja.

Oga Gyang ne injiniyan gidan ruwan unguwarmu ta Tudun Kanya tun ina zuwa ɗibar ruwa da baro. Ran Litinin ya tafi Galadi don rijiyarsu ta tsaya. Mu da ƙungiyar ruwan Shinkafi da ta Zurmi, injiniya guda gare mu, shi ke nan. Ya ce kwana ɗaya zai yi. Ni aikina buɗe bawul da rufewa da wanke sola. Baba Tsoho gadi. Ɗakin wuta, inda ake kunna sumo, injin nan da ke can ƙasan rijiya yana turo ruwa, Oga kaɗai ke shiga. Makullin na wurin matarshi, Maman Lilian, a gidansu da ke bayan tanki.

Mun tura babur ɗin bayan sito munka rufe shi da buhu. Amma Maman Lilian tana shanya lokacin. Ta gani.

Laraba, bayan La'asar

Sabis bai dawo ba. Mutane na hawa tudun bayan tasha suna ɗaga waya sama kamar masu neman wata.

Alhamis, da rana tsaka

Abin da ake faɗa a kasuwar hatsi ba zan rubuta ba.

Abin da zan rubuta shi ne sumo. Kullum in rana ta take, Oga kan shiga ya kashe shi sai an yi La'asar, ya ce rijiya ma tana son ta numfasa, ruwa ya sake taruwa. Akwai na'urar da ke kashe shi da kanta, ta lalace tun cikin sanyi, ba a samo wata ba. Da zai tafi ya bar shi kunne, ya ce kwana ɗaya ba ya kashe jaki. To yanzu daga fitowar rana har faɗuwarta yana aiki, ba hutu, ga bazara.

Na sa kunne ga bututu. Yana tari kaɗan kaɗan.

Juma'a, bayan masallaci

Hajiya Kulsumu, shugabar ƙungiyar ruwa, ta zo daga shagonta na hatsi. Na gaya mata zancen tarin. Ta zauna kan benci ta daɗe tana kallon ƙofar ƙarfen ɗakin wuta.

Na ce, "Hajiya, ko a karɓo makullin?"

Ta ce, "Kai za ka je?"

Na dubi gidan da ke bayan tanki.

Ta ce, "Mace na zaune tana sauraren kukan babur, ka shiga ka ce mata ba ni makullin mijinki? Mi ka ce mata ke nan, Armiya'u? Ba a rabon gado mai shi na da rai."

Baba Tsoho ya ce, "Ni dai ba da ni ba. Wanda duk ya amshi makullin ga, shi ya sa yarinyar nan takaba. Gyang shina zuwa."

Hajiya ta ce mu ba shi zuwa Lahadi.

Asabar, da safe

An ƙaro baƙi 'yan gudun hijira. An cika firamare da su, mata da yara da tsofaffi daga ƙauyukan Sakajiki, wasu daga gefen Zurmi. Ba su da jarka, tukwanen girki suke kawowa. Layi ya kai bakin titi. Wata tsohuwa ta sha a tafin hannu, ta wanke fuska, ta tsaya tana kallon famfon kamar za ta gaishe shi.

Tanki bai cika ba. Da can kafin hantsi ya ɗaga yake cika.

Lahadi, da yamma

Lahadi ta zo, makullin na nan wurin Maman Lilian. Ba a tambaye ta ba.

Litinin, da hantsi

Asiya mai ƙosai ta ɗaga bokitinta ta ce, "Armiya'u, ruwa munka zo ɗiba ko kunun yashi? In gini za mu yi ku ƙaro mana siminti." Layi duk anka yi dariya. Ni ma na yi. Da na duba gindin bokitin, yashi ne ja kwance, mai laushi kamar garin dawa.

Oga ya taɓa ce min in ka ga yashi, sumo ya fara lasar gindin tukunya.

Maman Lilian ta aiko ma Baba Tsoho shinkafa kamar yadda ta saba. Ya karɓa ya yi godiya, bai iya ci ba, ya ba ni.

Talata, bayan Azahar

Ismail na gidan ruwan Shinkafi ya biyo ayarin motoci ya iso. Ya rame. Ya ce nasu ya tsaya. Mai riƙe da ɗakin wutarsu ya kwashi iyalinshi ya yi Sakkwato da makulli cikin aljihu, sunka tsaya jiran ya aiko, sumo ya ƙone suna tsaye suna jin ƙauri. Yanzu unguwarsu tono suke a yashin gulbi. Asibiti cike da yara masu gudawa.

Na tambaye shi ko Oga ya iso Galadi. Ya ce a ba shi ruwa ya sha. Ya sha, ya yi zancen tsadar mai.

Hajiya ta ji duka. Ta miƙe ta nufi bayan tanki, ta kai har ƙofar Maman Lilian. Munka ji ta tana sallama, tana ya haƙuri, ya yara. Ta daɗe. Ta fito hannu wayam, idonta ja. Ta ce ta tarar ta goge ma Oga rigar aiki ta rataye.

Laraba, da safe

Sabis bai dawo ba. Tanki rabi. Ba a tambaye ta ba.

Laraba, bayan Magariba

Ina ba matata Lauratu labari muna cin tuwo. Na ce ran da aka yi hadari sumo da kanshi yake lafawa, don sola ba ta samun rana. Ta ce, "To ku da kuke maza, ku yi mishi hadari mana." Da wasa ta faɗa, tana ƙara min miya.

Na ajiye loma.

Alhamis, da rana tsaka

Na gaya ma Hajiya, ta aika aka kira Mus'ab, ɗan ƙanwarta da ke karatun lantarki a foli. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya daina. Ya ce zai yi, amma sai an rufe sola duka lokaci guda. In anka rufe rabi anka bar rabi, ana iya ƙona farantin sola.

Hajiya ta kawo buhunan shagonta, ba su isa ba. Baba Tsoho ya ba da tabarmarshi. Sai matan firamare sunka ji, kafin ka ce mi, ga su da tabarmin da suke kwana a kai, naɗe a ka. Tsohuwar nan ta ce, "Da rana ba mu kwana, ɗana. Ku dai maido muna kafin dare."

Ni da Mus'ab munka hau. Ƙarfen na ƙona tafin ƙafa. Munka shimfiɗa, munka danne da duwatsu. Da munka rufe na ƙarshe na ce kowa ya yi shiru. Bututu ya yi tsit.

Bayan La'asar munka yaye. Ruwan ya zo da ɗan ƙarfi, yashi ya ragu.

Asiya ta ce yau ta ga abin da uwarta ba ta gani ba, ana yi wa rana lulluɓi.

Juma'a

Mun rufe, mun yaye. Ƙafata ta yi bororo.

Asabar, da yamma

Mun rufe, mun yaye. Tagar Maman Lilian na kallon sola. Labulen ya motsa. Muna sauka ta gefen sito don kada mu wuce ƙofarta.

An ce wani mutum ya zo gidan mai unguwa da saƙo. An ce an kira dattawan cocin su Oga Gyang. Ba ni anka kira ba, ban sani ba.

Litinin, bayan Azahar

Guguwa ta taso daga gabas muna tsakiyar hutun sumo. Ta ɗaga tabarmi kamar ganyen kuka, duwatsu na zubowa. Rabin sola a buɗe, rabi a rufe, Mus'ab na can makaranta. Na hau ni kaɗai na yaye sauran da sauri. Sumo ya tashi cikin tsakar rana yana wani gurnani da ban taɓa ji ba.

Ina saukowa na tarar da Maman Lilian tsaye, da tabarma guda naɗe a hannu. Cikin tsakar gidanta ta faɗa.

Ta ce, "Armiya'u, wannan na waye?"

Na ce ta wata baƙuwa ce.

"Kwana nawa kuna hawa can kamar birai?"

Na ce ba mu daɗe ba, Mama.

"Ina da ido. Ina da kunne kuma. Shekara nawa ina kwana ina tashi da ƙarar injin nan? Na san ba shi da lafiya tun kafin ku sani." Ta miƙo min tabarmar. "Me ya sa ba wanda ya zo ya tambaye ni?"

Baba Tsoho ya ce, "Ɗiyata, kunya munka ji."

Ta ce, "Baba, ya ce min kada in ba kowa sai ya dawo. Haka ya ce, yana kan babur. Ban taɓa karya maganarshi ba. In na ba ku..." Ba ta ƙarasa ba. Ta koma ciki ta rufe ƙofa.

Talata, da safe

Tabarmi uku ba a gan su ba. Masu su ba su ce komai ba. Hajiya ta ce ba za a sake hawa ba, iskar bazara ba ta da amana, in na faɗo mi za ta ce ma Lauratu.

Laraba

Yashi. Tari. Bututun da ke fitowa daga rijiya da zafi kamar goshin mai zazzaɓi.

Alhamis, bayan La'asar

Wasu samari sun zo da guduma sun ce a fasa ƙofar ɗakin wuta. Hajiya ta zauna a bakinta ta ce su fara da ita. Ɗaya ya ce don mutum ɗaya za a kashe unguwa da ƙishirwa? Ta ce, "Mutum ɗayan ne ya shayar da kai tun kana tsumma. Ajiye gudumar nan."

Sun tafi. Da sunka tafi ta ce min a hankali, "Yaron bai yi ƙarya ba fa."

Ban yi bacci sosai ba kwanakin ga. Lauratu ta ce ina sa kunne ga bango cikin mafarki.

Asabar, da rana tsaka

Ruwa na zuwa yana yankewa, yana zuwa yana yankewa. Na ji kamar ƙauri. Baba Tsoho ya ce hancina ne. Sai kuma na gan shi shi ma yana shinshina iska.

Lahadi, da hantsi ya ɗaga

Maman Lilian ta dawo daga coci da fararen kaya, ita da ɗiyarta Lilian. Ba ta shiga gida ba. Ta zo ta tsaya gaban ɗakin wuta, ta ce in kira Hajiya da yaron foli.

Da sunka zo ta jawo zare daga wuyanta, makullin na jiki. Ta ce, "Ba zan ba kowa ba. Ya ce kada in bayar, ban bayar ba. Ni zan buɗe, ni zan rufe. Abin da za ku yi a ciki, ku yi."

Hajiya ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Lucy." Ban taɓa jin an kira ta da sunanta ba sai yau.

A ciki akwai silifas ɗinshi a bayan ƙofa, da kofin shayi da ya bushe. Kowa ya yi kamar bai gani ba.

Sai ga shi ba wanda ya san abin duka. Mus'ab ya karanta Turancin da ke jikin akwatin, amma maɓallai uku ne, Oga ya sake musu waya da hannunshi, rubutun bai dace da su ba. Baba Tsoho ya ce daga inda yake zama yana hango hannun Oga, kullum ƙasa yake fara kaiwa, ɓangaren dama. Maman Lilian ta ce daga ɗakinta ƙarar ƙas sau biyu take ji, ƙarami sannan babba. Ni na san sai na rufe bawul ɗin tanki kafin ya kashe, don yakan ƙwala min kira. Munka haɗa. Na fita na rufe bawul. Mus'ab ya danna ƙaramin na ƙasa, ya sauke babban.

Shiru.

Mus'ab ya ce rijiyar ta yi ƙasa ƙwarai, hutun rabin yini ba zai ishe ta ba. A bar ta kwana biyu. Ya ce kuma ba zai yi mana ƙarya ba, sumon da ya sha yashi haka, wani in an kashe shi ba ya sake tashi.

Litinin, bayan Azahar

Ba ruwa a famfo. Unguwa ta ɗauki zafi. Ana cewa mun lalata inji, ana cewa matar ta hana, ana cewa Hajiya ta sayar wa masu gidan burodi.

Hajiya ba ta buɗe shago ba. Abin da ya rage cikin tanki ta ce na ɗakin shan magani ne da firamare, ni ke aunawa. Ta bi gidajen masu rijiya gida gida tana roƙo, wasu sun buɗe ƙofa, wani Alhaji ya ce karenshi ba ya son baƙi. Ta tara masu baro da masu keke napep ta raba musu lunguna. Asiya ta ajiye kaskonta ta tsaya tana tsara layi a rijiyar gidan liman, tana zagin kowa daidai wa daida.

An jefo dutse kan rufin sito. Ba a ga mai jifa ba.

Talata, bayan La'asar

An yi taron ƙungiya ƙarƙashin tanki. Magatakarda ya ce dokar ƙungiya ta ce injiniya kaɗai ke taɓa ɗakin wuta, in wani abu ya faru wa zai ɗauka? Ya kamata a jira izini daga Gusau. Hajiya ta ce, "Da wace waya? Malam, takardar nan mu munka rubuta ta, kuma ba ta shan ruwa."

Anka tsaya a kan mutum uku za su koya, ni da Mus'ab da Asiya, don ita kullum tana bakin famfo. Asiya ta ce in wuta ta ja ta, ƙungiya za ta riƙa ciyar mata da 'ya'ya da ƙosan wani. An ce a gaya ma Ismail ya kai wannan magana Shinkafi, a nemi mai zuwa Zurmi shi ma ya kai, kada su tsaya jiran mutum guda.

Wani ya fara cewa to kujerar injiniya fa. Hajiya ta ce kujerar na da mai ita. Maman Lilian na zaune gefe, ba ta ɗago kai ba.

Gobe za a kunna.

Laraba, da hantsi

Na wanke sola tun da sassafe, ban ko karya kumallo ba. Layi ya taru tun ba a kira kowa ba, ba hayaniya. Tukwanen matan firamare jere a gaba.

Maman Lilian ta buɗe ƙofa ta tsaya a bakinta. Mus'ab ya ce ran Lahadi ya yi nashi, yau ni ne. Na ce hannuna da jiƙa. Asiya ta miƙo min bakin zanenta ta ce, "Goge, ango." Na yi bisimilla, na ɗaga babban, na danna ƙaramin. Fitila ta kawo kore. Asiya ta buɗe bawul.

Ba komai.

Na fita na durƙusa na sa kunne ga bututu. Ba na jin komai sai jinina. Baba Tsoho na ta ja da carbi. Can sai wani kaɗawa daga ƙasa, kamar ana buga ƙofa daga nesa. Ya tsaya. Ya sake. Bututun ya yi tari mai ƙarfi, ya tofo jan laka a bakin magudana, ya yi ta tofowa har na ce shi ke nan abin da ya rage. Sannan launin ya fara sakewa. Na tara tafin hannu. Na ga zanen hannuna a ƙarƙashin ruwan.

Ba wanda ya yi guɗa. Tsohuwar nan ce ta fara tura tukunyarta.

Da rana ta take Maman Lilian ta dawo ta buɗe, Asiya ta kashe. Maman Lilian ta rufe ƙofa, ta maida zaren wuyanta. Ta ce, "In ya dawo zai yi faɗa. Ba ya son a taɓa mishi kaya."

Baba Tsoho ya ce, "Allah shi kai mu ranar faɗan."

Ta ce amin. Mu ma munka ce amin.

In ya tambayi wanda ya kunna mishi inji ba da izini ba, ni ne, Armiya'u. An yi a gaban Hajiya Kulsumu da Baba Tsoho da Mus'ab da Asiya mai ƙosai, da matan firamare da ban san sunayensu ba, da matarshi Lucy, tana tsaye bakin ƙofa da makullin a hannunta.